Sharaɗin Raba Gardama: Yadda Ake Ambaton Doka a Takardar Kwangila

Takardar kwangila takan fara da abin da kowa yake son gani: sunan mai saye da mai sayarwa, nauyin kaya, farashi, ranar biya. Ɗan kasuwa a Tudun Hatsi zai bi waɗannan layuka da yatsa, ya sa yaronsa mai boko ya maimaita masa adadin, in ya ji sun yi daidai ya sa hannu. Can ƙasa, dab da wurin sa hannu, akwai wani ɗan sakin layi da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. Shi ne yake faɗin abin da za a yi in ciniki ya lalace: wa zai saurari ƙara, a wane gari, da dokar wace ƙasa. Ranar da aka ce riɗin da ka loda ya yi danshi, ko aka riƙe maka cikon kuɗi, duk sauran shafukan sai sun bi ta cikin wannan sakin layin kafin su amfane ka.

A da cinikin Gombe bai cika buƙatar irin wannan takarda ba. Auduga da gyaɗa da shanu sun daɗe suna sauya hannu a kan amana da shaidar dillali. Yanzu kuwa mai tara riɗi da waken suya yana hulɗa da kamfanin fitar da kaya na Legas, mai injin gyaran shinkafa yana odar na'ura daga Sin ko Indiya, mai tireloli yana neman dakon siminti daga Ashaka. 'Yan kwangila suna zawarcin aiki a dandalin masana'antu na Dadin Kowa, wasu kuma sun zuba ido a kan Kolmani tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a can a watan Nuwamba na 2022. Kowace irin wannan hulɗa da takarda take zuwa, kuma kusan kullum lauyan ɗaya ɓangaren ne ya rubuta ta. Ba kuwa don ya wahalar da mai gidansa ya rubuta ba.

A fara da bambance abu biyu da bakinmu ya saba haɗawa. Sulhu shi ne mai shiga tsakani ya lallashi kowa ya sassauta. In ɗaya ya ƙi, magana ta watse, ba mai tilasta masa. Raba gardama kuwa, wanda malaman fiƙihu ke kira tahkimi, shi ne mutum biyu su yarda su ɗora wani a kan rigimarsu, ya saurare su, ya yanke hukunci, hukuncin ya hau kansu ko sun so ko sun ƙi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muhtasar na Shehu Halil, da ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta shi a sha'anin dukiya, ya hana shi a haddi da kisa da saki da nasaba. Na zamani abin da ya ƙara shi ne dokar ƙasa a bayansa: ka ɗauki hukuncin ka kai Babbar Kotu, ta zartar da shi tamkar nata, a kama dukiyar wanda ya ƙi biya. Hukuncin dattawa ma kotunan Nijeriya suna girmama shi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Agu da Ikewibe a 1991, sai dai da sharuɗɗa, ciki har da cewa ɓangarorin sun kai kansu da yardarsu kuma sun karɓi hukuncin sa'ad da aka yanke shi. Wanda ya tashi daga gaban dattawa yana cewa bai yarda ba ya bar maka aiki. Kamfanin Legas ko na Dubai kuwa ba zai ma zauna gaban sarkin kasuwa ba.

To, aikin farko shi ne kiran dokar da sunanta. Wadda take aiki a yau, sunanta a takarda Arbitration and Mediation Act, 2023, wato dokar raba gardama da sulhu. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya sa mata hannu ranar 26 ga Mayu, 2023, kwana uku kafin ya sauka daga mulki. Ta soke wadda ta gabace ta, Arbitration and Conciliation Act, wadda ta fara a matsayin dokar soja mai lamba 11 ta 1988, daga baya ta shiga kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na A18. Shekara 35 lauyoyi suna rubuta sunan tsohuwar. Hannu ya saba, kwamfutocin ofisoshi cike suke da tsofaffin takardu da ake kwafa a sauya suna da adadi kawai. Shi ya sa har yau ake ganin sabuwar kwangila tana kiran dokar da aka riga aka binne.

Wannan kuskure ba lallai ne ya rushe sharaɗin ba, domin niyyar ɓangarorin a fili take, kuma sabuwar dokar ce ke aiki a kan raba gardamar da aka fara bayan zuwanta. Amma ya miƙa wa wanda ba ya son biya abin riƙewa, ya yi wata da watanni yana ja kafin a taɓa ainihin magana. Dokokin biyu kuma ba ɗaya suke ba. A tsohuwar, in takarda ta yi shiru a kan yawan masu raba gardama, uku ne. A sabuwar, ɗaya ne. Wanda ya kwafo tsohon lafazi yana zaton zai zaɓi nasa, abokin gaba ya zaɓi nasa, su biyun su zaɓi na uku, zai tarar mutum ɗaya ne zai yanke masa hukunci a kan dukiyarsa. Saboda haka a rubuta cikakken suna, da shekara, da ƙasa, sannan a ƙara da cewa har da duk gyaran da za a yi wa dokar ko wadda za ta maye gurbinta. Wannan ɗan ƙarin shi ke raya sharaɗin in majalisa ta sake taɓa dokar.

Wani lafazi da ya kamata a guje masa shi ne "bisa dokokin raba gardama da ke aiki", ba suna, ba shekara. A Nijeriya ba doka ɗaya ce a fagen ba. Turawan mulki sun kafa tasu a 1914, ta gangaro cikin dokokin yankuna, har da kundin dokokin Arewa na 1963, jihohi suka gada. Jihar Legas kuma ta yi tata sabuwa a 2009, kuma ta ce ita ke aiki a kan duk raba gardamar da aka yi a jihar, sai fa in ɓangarorin sun ambaci wata doka ƙarara. Ke nan mutumin Gombe da ya yarda a zauna a Legas bai kira dokar tarayya da suna ba, ya shiga dokar wata jiha bai sani ba. Dokar Legas ba mummuna ba ce, amma ya kamata mutum ya shige ta da saninsa.

Abu na biyu shi ne a san cewa doka ba ɗaya ba ce a cikin kwangila ɗaya. Akwai dokar da ke hukunta cinikin kansa: me ake nufi da kaya masu kyau, yaushe alhaki ya tashi daga wuyan mai sayarwa, nawa ne diyya. Akwai dokar da ke hukunta zaman raba gardamar, wadda muka ambata. Akwai kuma ƙa'idojin gudanar da zaman: yadda ake shigar da ƙara, kwanakin mayar da amsa, yadda ake jin shaida; waɗannan ko na wata cibiya ne, ko waɗanda ke jadawali na farko na dokar 2023. Kowanne a ba shi jimlarsa daban. Wanda ya rubuta cewa dokar Nijeriya ce ke hukunta yarjejeniyar ya amsa tambaya ɗaya ce kawai, sauran biyun suna nan suna jiransa.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne batun mazauni, abin da takardun Ingilishi ke kira seat. Mazaunin raba gardama ba ɗakin da ake zama ba ne. Shi ne garin da doka ta ɗauka zaman na can ne, kuma shi ke nuna kotun da za ta sa ido: wadda za ta naɗa mai raba gardama in an kasa daidaitawa, wadda za ta iya tsige shi, wadda za a je wa a nemi soke hukuncinsa. Kamar lambar mota ne: tirela mai lambar Gombe, ko tana layi a Apapa, rajistarta tana gida. Ana iya sa mazauni a Gombe a yi zaman jin shaida a Abuja ko ta bidiyo, kotun Gombe ce dai mai iko. In takarda ba ta faɗi mazauni ba, masu raba gardamar ne za su zaɓa maka.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A watan Janairu na 2010 Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da wani kamfani mai suna P&ID, a kan gina masana'antar tace iskar gas a Kalaba. Ba a gina komai ba. Sashe na 20 na yarjejeniyar ya ce dokar Nijeriya ce ke hukunta ta, ya kuma ambaci tsohuwar dokar raba gardama ta Nijeriya. Sai dai ya ƙara da cewa wurin raba gardamar Landan ne, ya yi amfani da kalmar venue, wadda ke iya nufin wurin zama kawai, tana kuma iya nufin mazauni. Da rigima ta tashi, Nijeriya ta ce Landan wurin taro ne kurum, iko yana hannun kotunanta, har a 2016 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke hukuncin da masu raba gardamar suka yanke na ɗora mata alhaki. Masu raba gardamar suka ce mazauni Landan ne, suka ci gaba da aikinsu. A watan Janairu na 2017 suka ɗora wa Nijeriya dala biliyan 6.6 da kuɗin ruwa na kashi 7 cikin 100 a shekara. A watan Agusta na 2019 Mai Shari'a Butcher na kotun kasuwanci ta Ingila ya tabbatar cewa mazauni Landan ne, ya ba da izinin zartarwa. Bashin ya haura dala biliyan 11 kafin Mai Shari'a Robin Knowles ya yanke, ranar 23 ga Oktoba, 2023, cewa da zamba da cin hanci aka samu hukuncin. A lura da abin da ya ceci ƙasar: hujjar rashawa ce da aka sha wahalar tonowa, kuma a kotun Landan aka gabatar da ita, domin can ne mazauni. Ambaton dokar Nijeriya sau biyu a sashe ɗaya bai dawo da shari'ar gida ba. Gwamnati tana da aljihun biyan lauyoyin Landan na shekaru. Mai injin matsar man gyaɗa a unguwar BCGA ba shi da shi.

A ce Alhaji ya zo ofishin lauya da takarda mai shafi shida, zai kai wa wani kamfani riɗi tirela goma. Lauya ya wuce shafukan farko, ya sa biro a ƙarƙashin layi biyu na ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, ka ga nan? In suka riƙe maka kuɗin tirela biyu, a Landan za ka nemi haƙƙinka."

"Haba Barista, ni da ba mu taɓa samun saɓani da su ba. In na ta da wannan magana ai sai su ga kamar ina zarginsu."

"Ba zargi ba ne, Alhaji. Su ma ai ba zarginka suke ba da suka rubuta. Yanzu da kuke dariya da juna ne za su saurare ka. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Abin da lauyan zai nema ba mai yawa ba ne. In kaya a Gombe ake loda su, a nan ake auna su, shaidun awo da na inganci a nan suke, babu dalilin kai mazauni nesa. Garin yana da Babbar Kotun Jiha, da Babbar Kotun Tarayya, da reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara. Kotunan da dokar 2023 ta lissafa su ne manyan kotunan jihohi, da ta Birnin Tarayya, da Babbar Kotun Tarayya. Ba kotun majistare ko kotun yanki za a kai hukuncin ba. In ɗaya ɓangaren ya ƙi Gombe, Abuja tsaka-tsaki ce da ba wanda zai ce an cuce shi. Kada a rubuta "Nijeriya" kawai. A faɗi gari. Kada kuma a rubuta gari biyu don a faranta wa kowa, domin rigimar farko za ta zama a kan wanne ne.

Sai batun wanda zai naɗa mai raba gardama. Da wuya mutum biyu da suka ɓata su daidaita a kan suna ɗaya. Doka ta ba su kwana 30, daga nan sai a nemi wanda takarda ta ambata, ko kotu. A cinikin da ya haɗa da ƙasar waje, in ba a ambaci kowa ba, dokar 2023 ta ba daraktan cibiyar raba gardamar kasuwanci ta yanki da ke Legas wannan aiki, cibiyar da aka kafa a 1989. A cinikin gida ana iya ambaton Nigerian Institute of Chartered Arbitrators, ko reshen Nijeriya na Chartered Institute of Arbitrators, ko Lagos Court of Arbitration. Sunayen suna kama da juna, saboda haka a kwafo sunan harafi da harafi daga takardun cibiyar kanta. Ban ga hikimar rubuta sunan wani mutum takamaimai ba, komai amincinsa; rai da lafiya ba a hannunmu suke ba, kuma kwangila takan yi shekaru. A rubuta siffarsa: lauya mai shekara kaza a aiki, ko injiniya in aikin gini ne, ko wanda ya san cinikin amfanin gona.

Cibiyoyi ma suna mutuwa. A 2021 gwamnatin Dubai ta fitar da doka mai lamba 34, ta rushe cibiyar DIFC-LCIA da dubban kwangiloli suka ambata, ta mayar da ayyukanta ga cibiyar DIAC. Aka yi ta shari'a a ƙasashe daban-daban a kan makomar tsofaffin sharuɗɗan. Masu sayen injina daga Sin kuwa su sani cewa dokar raba gardama ta ƙasar ta 1994 ta sharɗanta a ambaci hukumar da za ta yi aikin, kamar CIETAC, in ba haka ba sharaɗin yana iya faɗuwa. Lafazin da ya wadatar a Gombe bai wadatar a can ba.

Akwai wata hanya da doka ke shiga takarda ba a ga sunanta ba, kuma masu riɗi da gyaɗa da hatsi ta fi shafa. Kwangilar fitar da kaya takan zama shafi ɗaya tak, a ƙarshe a ce sauran sharuɗɗa bisa kwangilar FOSFA ko GAFTA mai lamba kaza. Waɗannan ƙungiyoyin ciniki ne da ke Landan, ta farko ta mai da tsabar da ake matsa, ta biyu ta hatsi da abincin dabbobi. Kwangilolinsu suna ɗauke da dokar Ingila, da raba gardama bisa ƙa'idojinsu, da gajerun wa'adi na shigar da ƙorafi, musamman a kan ingancin kaya. Dokarmu ta yarda cewa nuni zuwa wata takarda mai ɗauke da sharaɗin raba gardama yana iya ɗaure mutum kamar an rubuta shi a gabansa. Ba na cewa a ƙi su, domin da su ake cinikin duniya, kuma masu hukunci a can sun san kaya. Amma a nemi cikakkiyar takardar mai lambar, a karanta, a rubuta wa'adin a inda ido zai riƙa gani.

Maƙwabta kuma nasu tsarin daban. Nijar da Kamaru da Cadi da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda yarjejeniyar 1993 ta kafa. Dokar raba gardamarsu ɗaya ce, an yi ta a 1999, aka sabunta ta a Konakiri a watan Nuwamba na 2017, babbar kotunsu kuma tana Abijan. Wanda zai sa mazauni a Garwa ko Maraɗi, wannan dokar zai ambata. Abin da ke sa hukuncin da aka yanke a Gombe ya yi aiki a waje shi ne yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya ta shiga a 1970, kuma Nijar da Kamaru da Sin da Daular Larabawa duk suna ciki. Nan ne raba gardama ya fi kotu nesa ba kusa ba: hukuncin mai raba gardama ya fi hukuncin alƙali saurin tsallaka iyaka. Tambayar da za a yi kafin sa hannu ita ce: dukiyar abokin cinikin nan a wace ƙasa take, kuma ƙasar tana cikin yarjejeniyar?

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu suna son a hukunta cinikinsu da Shari'a, kuma raba gardama ya ba da wannan dama, tun da ɓangarori ne ke zaɓen ƙa'idojin da za a yi musu hukunci da su. Sai dai a faɗa da kyau. A 2004, a shari'ar bankin Shamil na Bahrain da kamfanin Beximco, takarda ta ce dokar Ingila ce ke aiki bisa kiyaye ƙa'idojin Shari'a. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce dokar Ingila kaɗai za ta bi, domin ambaton Shari'ar ya yi faɗi, bai nuna waɗanne hukunce-hukunce ake nufi ba. Mai son wannan hanya ya ambaci mazhabar Malikiyya, ko mizanan hukumar AAOIFI in harkar banki ce, ya sharɗanta mai raba gardama ya san fiƙihun mu'amala, ya rubuta ƙarara cewa ba za a ɗora kuɗin ruwa a kan hukunci ba. In ya yi shiru, doka ta ba mai raba gardama ikon ɗorawa.

Harshe ma a faɗe shi. In ba a faɗa ba, Ingilishi ne. Amma direba da ɗan dako da mai awo, waɗanda su ne suka ga abin da ya faru, da Hausa ko Fulatanci za su fi ba da shaida.

In aka haɗa waɗannan, ga yadda sharaɗin zai kasance, lauya ya zuba shi cikin harshen takardar:

"Duk saɓanin da ya taso daga wannan yarjejeniya ko ya shafe ta, har da gardama a kan ingancinta ko ƙarewarta, za a fara neman sulhu a kansa na kwana 21 daga ranar da wani ɓangare ya sanar da ɗayan a rubuce. In ba a daidaita ba, wajibi ne a yanke shi ta hanyar raba gardama ƙarƙashin Arbitration and Mediation Act, 2023 ta Tarayyar Nijeriya, da duk gyaranta ko dokar da ta maye gurbinta, bisa ƙa'idojin jadawali na farko na dokar. Mazaunin raba gardamar shi ne Gombe, Nijeriya. Mai raba gardama ɗaya ne. In ba a daidaita a kansa cikin kwana 30 ba, shugaban cibiya kaza zai naɗa shi. Za a yi zama da Ingilishi, a karɓi shaida da Hausa ko Fulatanci ta bakin tafinta. Dokar Nijeriya, yadda take aiki a Jihar Gombe, ita ce ke hukunta yarjejeniyar da wannan sharaɗi. Hukuncin ya ɗaure kowane ɓangare."

A lura da kalmar wajibi. Lafazin "ana iya kai saɓani" yana buɗe gardamar ko tilas ne ko zaɓi. A lura da wa'adin sulhu: in babu adadin kwanaki, mai jan ƙafa zai ce har yanzu ana tattaunawa. Sannan a duba sauran shafuka, kada wani sashe ya ce kotu kaza ce kaɗai ke da hurumin duk wata rigima. Takardun da aka harhaɗa daga wurare daban-daban sukan ɗauki sharuɗɗan biyu, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa.

Sabuwar dokar ta zo da wani zaɓi da ba ya aiki sai an rubuta shi: kwamitin sake duba hukunci, a sashe na 56. Wanda bai gamsu ba zai kai ƙorafinsa gaban wasu masu raba gardamar maimakon kotu, su yi ƙoƙarin gamawa cikin kwana 60 daga kafa su. A babbar kwangila yana da amfani, domin yana taƙaita abin da kotu za ta sake tonowa. A ƙaramin ciniki ƙarin kuɗi ne kawai, ni dai ba zan sa shi ba. Akwai kuma mai raba gardama na gaggawa, wanda ake naɗawa cikin kwana biyu na aiki, ga wanda kayansa ke lalacewa a sito ko ake shirin kwashe su.

Ranar da rigima ta zo, lokaci ne ke cin mutane. In abokin ciniki ya tsallake sharaɗin ya kai ka kotu, ka nemi a dakatar da shari'ar kafin ka shigar da bayaninka na farko a kan ainihin ƙarar, ko tare da shi. In ka wuce nan, ka zubar da haƙƙin. In hukunci ya fito ba ka gamsu ba, wata uku gare ka daga ranar da ka karɓe shi, kuma kotu ba za ta sake auna shaida ba. Abin da take dubawa irin su rashin sanar da kai, ko wuce hurumi, ko saɓa wa maslahar jama'a. Wanda ya yi nasara ma kada ya ajiye hukunci a durowa. A 1974 Kotun Ƙoli ta hana kamfanin jiragen ruwa na Murmansk zartar da hukuncin da ya samo daga Mosko a kan Kano Oil Millers, domin shekara shida na wa'adi an ƙirga su ne daga ranar saɓa alkawari. Dokar 2023 ta sassauta wannan, ta cire tsawon zaman raba gardama daga lissafi, amma ba ta cire wa'adin ba.

Ba kowace rigima sharaɗin zai ɗauka ba. A shari'ar Hukumar Raya Birane ta Jihar Kano da kamfanin Fanz a 1990, Kotun Ƙoli ta lissafa abubuwan da ba a kai wa mai raba gardama, irin su laifin da hukuma ke tuhuma, da kwangilar da asalinta haramtacciya ce, da caca, da raba aure. Ba kuma kowane ciniki ya cancance shi ba. Alƙali gwamnati ke biyansa, mai raba gardama kuwa ku za ku biya shi, da kuɗin ɗaki, da na cibiya. Cinikin buhu hamsin tsakanin mutanen Kumo da Bajoga, shugabannin kasuwa ko kotu sun fi masa sauƙi. Sharaɗin na cinikin da ya yi nauyi ne, ko ya yi nisa, ko zai daɗe.

Wanda yake da kwangila mai ci a hannu, ya ɗauko ta ya duba shafin ƙarshe. In tsohuwar doka ta kira, ko ba ta faɗi mazauni ba, ba sai an sake ta gaba ɗaya ba. Takardar ƙari mai shafi ɗaya ta isa: a ambaci kwangilar da ranarta, a ce an maye sashe kaza da wannan lafazi, waɗanda suka sa hannu a ta farko ko masu izinin kamfani su sa hannu. Dokar 2023 ta karɓi saƙon lantarki a matsayin rubutu, saboda haka imel da kowane ɓangare ya amsa da amincewa yana iya tsayawa. Duk da haka a buga shi a takarda, a sa hannu, a lika shi a bayan kwangilar, kowa ya riƙe kwafinsa.